Ajiye Aiki Domin Yawon Duniya: A Bi Ƙasa Ta Afirka Ta Yamma, Ko A Hau Jirgi Zuwa Asiya?

Wanda ya ƙudura a ransa cewa zai ajiye aiki, ya goya jakarsa ya shiga duniya na tsawon wata shida ko shekara guda, da ya fara bincike zai tarar cewa kusan duk shawarwarin da ke yawo a intanet mutanen Turai da Amurka da Ostareliya ne suka rubuta su, kuma fasfonsu suka auna kafin su rubuta. Su ne suka gaji hanyar da matasansu suka riƙa bi daga Landan zuwa Istambul da Tehran da Kabul har Katmandu, wadda ta toshe a 1979 bayan juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan, daga nan ayarin ya karkata zuwa kudu maso gabashin Asiya. Shi ya sa shawara ta farko da ake ba kowa ita ce ya sayi tikiti zuwa Bankok, babban birnin Tailan. Mai riƙe da fasfon Najeriya ko na Nijar yana da wata hanyar a ƙofar gidansa, wato ya bi ƙasa ta gaɓar tekun Afirka ta Yamma daga Legas har Dakar, kuma waɗannan hanyoyi biyu ne nake so in auna wa mai shirin tafiya, domin kuɗin da ya tara a shekarun aikinsa da wuya su ishe shi gyara kuskuren da ya yi a zaɓin farko.

Maganar biza ce ke gaba da komai, don haka da ita zan fara, kuma a kanta zan fi daɗewa. Yarjejeniyar zirga-zirga da ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga sauran ƙasashen ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana da takardar tafiya mai inganci da katin rigakafin cutar shawara. Bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙasashe 12 suka rage a ƙungiyar, sai dai ɓangarorin biyu sun sanar cewa za su bar wa jama'a ƙofa a buɗe, kuma ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfon 'yan ƙasashen uku mai ɗauke da tambarin ƙungiyar har zuwa wani lokaci. Ma'anar wannan ga matafiyi ita ce zai iya tashi daga Legas ya ratsa Kwatano da Lome da Akra ya kai Abijan, tazarar da ta ɗan haura kilomita 1,000, sannan ya ci gaba zuwa Laberiya da Saliyo da Gini da Gini Bisau da Gambiya da Senegal, ba tare da ya taɓa tsayawa layi a ofishin jakadanci ba. Idan gari ya yi masa daɗi ya ƙara mako biyu, idan bai yi masa ba ya kama hanya da safe. Wannan sakewar ita ce ainihin abin da mutum yake nema lokacin da ya rabu da albashi, kuma a wannan yankin ne kawai fasfonmu yake ba mu ita a cike.

A kudu maso gabashin Asiya lamarin ya juye. Baturen da ya sauka a Bankok ana buga masa hatimi a filin jirgi, ya tsallaka Lawos ya karɓi biza a bakin iyaka, amma ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya taso ga kusan kowace ƙasa a yankin. Tailan da Malesiya da Indunusiya suna cikin ƙasashen da mai zuwa can daga Najeriya yake neman takardar tantancewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Indunusiya kuma ta daɗe da sa Najeriya cikin jerin 'yan ƙasashen da sai an yi musu bincike na musamman a Jakarta kafin a ba su izini. Nepal, wadda take buga wa mafi yawan baƙi biza a filin jirgin Katmandu, ta ware Najeriya da Gana da Kamaru da wasu ƙasashe ta ce su nemo tun daga gida. Biyetnam ta sassauta a watan Agustan 2023, lokacin da ta buɗe bizar intanet ta kwana 90 ga 'yan dukkan ƙasashe, amma buɗe ƙofar nema ba ya nufin duk wanda ya nema zai samu.

Akwai wani ƙulli a nan da masu shirin ajiye aiki ba su cika lura da shi ba. Abin da jami'in biza yake dubawa shi ne hujjar cewa mai nema zai koma gida, kuma babbar hujja ita ce takardar wurin aiki da takardar banki da ke nuna albashi yana shiga duk wata. Ranar da mutum ya miƙa takardar ajiye aiki, ranar ya jefar da hujjarsa mafi ƙarfi. Ga shi kuma ofisoshin jakadanci da yawa ba sa karɓar takardun mutum sai a ƙasarsa ko a inda yake da izinin zama, don haka wanda yake Hanoi, babban birnin Biyetnam, da bizar yawon buɗe ido ba lallai ne a saurare shi ba idan ya je neman bizar ƙasa ta gaba. Bizar da aka karɓo daga Abuja kuwa tana da wa'adin da za a yi amfani da ita, galibi 'yan watanni, ba za ta jira mutum ya gama zagaye wata takwas ba. Saboda haka tafiyar Asiya ga mai koren fasfo takan tsaya a ƙasa biyu ko uku da aka tsara tun daga gida, da ranar shiga da ranar fita da tikitin dawowa a hannu. Tafiya ce mai kyau, amma ta fi kama da dogon hutu fiye da yawon da ba a ɗaure shi da kalanda ba.

Kada kuma a ruɗu da jerin tsibiran da ake cewa ɗan Najeriya yana shiga ba biza, irin su Barbados da Dominika da Fiji. Gaskiya ne ƙofarsu a buɗe take, amma jiragen da ke kai mutum can yawanci sai sun bi ta Landan ko Amurka ko Ostareliya, kuma Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da ko canjin jirgi kawai ɗan ƙasar zai yi a filayen jiragen Birtaniya ko na yankin Shengen na ƙasashen Turai sai ya nemi bizar wucewa.

Idan aka koma kan kuɗin kashewa na yau da kullum, Asiya ce ke kan gaba, kuma bai kamata son gida ya sa a ɓoye wannan ba. Shekaru masu yawa na karɓar 'yan jakar goyo sun sa an gina musu komai: masaukai masu ɗakin haɗaka inda gado ɗaya a garuruwa da yawa na Biyetnam da Kambodiya bai kai dala goma ba, motocin dare masu wurin kwanciya, abincin bakin titi mai araha, da wuraren wanki da ake biya da kilo. Jirgin ƙasan da ya haɗa Hanoi da birnin Ho Chi Minh yana cin kilomita 1,726, kuma mutum yana iya sauka a Hue ko Da Nang ya kwana biyu ya sake hawa. Layin dogon da ya tashi daga Biyantiyan, babban birnin Lawos, zuwa iyakar Sin an buɗe shi a watan Disambar 2021, ya mayar da tafiyar yini guda a kan duwatsu ta koma ta 'yan sa'o'i. Tsadar tana cikin shiga ne: tikitin jirgi daga Kano ko Abuja ta Adis Ababa ko Doha, da kuɗin biza, da na takardun tantancewa, da zirga-zirgar Abuja, duk kafin a taka ƙasar.

Afirka ta Yamma kuwa shigarta araha ce, zamanta ne yake cin kuɗi. Masaukin haɗaka irin na 'yan yawon duniya kaɗan ne, sai a wasu unguwannin Akra da Dakar da garuruwan bakin teku na Gana, saboda haka mutum ɗaya yakan biya kuɗin ɗaki sukutum a ƙaramin otal, kuma Dakar da Abijan birane ne masu tsada ko ga mazaunansu. Sefa da ƙasashe takwas na yankin suke amfani da ita a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, wanda hakan yake nufin mai kashe naira a Kwatano ko Lome tamkar yana kashe ta ne a gaban kuɗin Turai. Amfanin da ke ciki shi ne canji ɗaya zai kai mutum Benin da Togo da Kwaddibuwa da Senegal da Gini Bisau, sai dai a Gana ya koma sidi, a Gambiya dalasi, a Saliyo liyon. Ko wace hanya aka zaɓa, darasin 2023 ya isa gargaɗi: a farkon watan Yunin shekarar dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya bar guzurinsa a naira ya tafi a wancan lokacin, kuɗin shekara guda sun koma na wata huɗu yana tsakiyar hanya. Ya kamata a canza mafi yawan guzuri zuwa dala ko yuro kafin tashi, a raba shi wuri biyu ko uku, kada a dogara ga katin banki ɗaya.

Abin da yake rage tsadar Afirka ta Yamma ga Bahaushe, wanda babu shi a lissafin Bature, shi ne zango. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja sun bar unguwanni a duk inda suka yada zango, tun daga Salaga har Kumasi, kuma yau akwai Nima da Sabon Zango a Akra, akwai zango a Lome da Kwatano, akwai Hausawa masu sayar da nama da goro da 'yan canji har Abijan. Wata rana na sauka a Kumasi bayan la'asar, ban san kowa ba, na nufi masallacin unguwar zango na yi magariba. Da aka idar na yi wa wani dattijo da ke gefena sallama da Hausa, ya tambaye ni mutumin ina ne, kafin a kira isha'i an nuna mini ɗakin da zan kwana a kan kuɗin da bai kai rabin na otal ba, an kuma aiko yaro da tuwo da miyar kuka. Irin wannan karamci amana ce, kuma wanda zai ci moriyarsa ya kamata ya san iyakarsa: ya biya abin da ya dace, ya riƙe ɗan tsaraba, kada ya mayar da kwana uku su zama wata guda. A Senegal ma akwai wata igiyar, domin Madina Baye da ke Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass wanda ya rasu a 1975, ba ta rabuwa da baƙi daga Kano da sauran garuruwan Arewa, musamman a lokacin Maulidi.

Wahalar hanya kuwa, a nan Afirka ta Yamma take karɓar haƙƙinta daga jikin matafiyi. A tashoshin Senegal motar da ake ce wa set-plas, tsohuwar Fijo mai ɗaukar mutum bakwai, ba ta tashi sai ta cika, kuma wanda ya zo a makare shi ke samun kujerar can baya, inda gwiwa take haɗuwa da haɓa, ga kuɗin jaka da ake ciniki daban. Ana iya shafe sa'a uku ana jiran mutum na bakwai, sai dai idan fasinjoji sun haɗa kuɗi sun sayi kujerar. A Gini da Laberiya da Saliyo ruwan Yuli da Agusta yana mayar da wasu hanyoyi taɓo, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu. Sannan ga shingaye. A wata iyaka da na tsallaka da sabon fasfo, jami'in ya juya shafukansa ya ga babu hatimi ko ɗaya, ya ce kuɗin buga wa sabon fasfo daban ne, alhali doka ba ta san da wannan kuɗi ba. Na tsaya kusan sa'a guda ina ba shi haƙuri, direba yana ta danna ham, a ƙarshe na biya rabin abin da ya nema ba tare da rasit ba. Wanda zai bi wannan hanya ya tanadi ƙananan kuɗi a aljihu daban, ya tsallaka iyaka da rana, ya riƙe katin rigakafinsa a kusa, ya kuma san cewa tun daga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar shawara ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don kada a ce masa katinsa ya tsufa. Rashin Faransanci ma yana ƙara nauyi, gama daga Kwatano zuwa Dakar rabin ƙasashen da shi ake aiki a ofis da tasha.

Ta fuskar tsaro kowace hanya tana da wuraren da ba a zuwa. Dole matafiyi ya manne wa gaɓar teku, ya haƙura da Timbuktu da Jenne da ƙasar Dogon da ke Mali a yanzu, ya kuma yi hattara da arewacin Benin da Togo inda rikicin Sahel ya fara malalowa. Tsohuwar hanyar alhazai ta gabas, wadda kakanninmu suka bi ta Maiduguri da Abeshe da Alfashir har Sawakin, suna tsayawa noman auduga a yankin Jazira na Sudan su tara guzuri, ta rufe tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023. A Asiya fashi da makami bai cika damun baƙi ba, sai dai Miyanma ba ta zauna lafiya ba tun juyin mulkin Fabrairun 2021. Haɗarin da ya fi kusa da ɗan Afirka a can iri biyu ne. Na farko tallan aikin bogi da ake yaudarar matasa da shi a kai su gidajen damfara ta intanet a Kambodiya da kan iyakar Miyanma a ƙwace musu fasfo, kuma wanda guzurinsa ya fara ƙarewa shi ya fi saurin faɗawa. Na biyu dokar miyagun ƙwayoyi, wadda a Singafo da Indunusiya take kaiwa ga hukuncin kisa, kuma Indunusiya ta zartar da shi a kan 'yan Najeriya a 2015 da 2016. Mun saba a gida idan mutum zai yi tafiya a ba shi saƙo ya kai, kuma ƙin karɓa abin kunya ne, amma a wannan hanya kada a karɓi ƙunshin kowa, ko na wanda aka sani, sai an buɗe an gani da ido. Ya kamata kuma mai koren fasfo ya shirya wa tambayoyi masu tsawo a filin jirgi, a fitar da shi daga layi a nemi ya nuna kuɗi da adireshin masauki, abin da yake ci wa mutum rai ko da takardunsa sun cika.

Ga Musulmi akwai batun abinci da ibada. Daga Legas zuwa Dakar da wuya a yi tafiyar sa'a biyu ba a ga masallaci ba, kuma mahauci Musulmi yana kusan kowace kasuwa. Malesiya da Indunusiya da kudancin Tailan ma haka suke, har sun fi mu tsari wajen tambarin halal a gidajen abinci. A Biyetnam da Lawos da Kambodiya kuwa naman alade yana cikin romo da man suya da abin da ba a zata ba, sai mutum ya nemi unguwannin Musulmi 'yan ƙabilar Cham ko gidajen abincin Indiyawa, ko ya koma cin kifi da ganye. Ɗakin haɗaka mai araha shi ma yana da nasa farashin, domin sau da yawa maza da mata ne a ciki, mashaya tana ƙasan bene, kuma mai tashi sallar asuba zai shimfiɗa dardumarsa ne a ɗan tsakanin gadaje cikin duhu yana lallaɓawa kada ya tashi mutane. Wanda ba zai iya wannan ba sai ya kama ɗaki shi kaɗai, kuma daga nan ratar arahar da ke tsakanin Asiya da gida ta fara raguwa.

Lokacin tashi bai raba hanyoyin biyu sosai ba, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi daɗi a gaɓar Afirka ta Yamma da kuma Tailan da Lawos da Kambodiya. Nisa daga gida shi ne ya raba su. Mai iyaye tsofaffi ko mai iyali ya san cewa waya ɗaya tana iya katse tafiya, kuma daga Akra ko Abijan ana iya isowa Kano cikin yini ɗaya ta jirgi ko 'yan kwanaki ta mota, alhali daga wani ƙauye a Lawos sai an nemi tikitin gaggawa mai tsada, an kuma yi asarar bizar da aka sha wuya kafin a samu.

A nawa ganin, wanda fasfon Najeriya ko na Nijar kaɗai yake da shi, kuma burinsa doguwar tafiya ce ta wata shida zuwa sama, ya fara da Afirka ta Yamma, ya ba ta wata uku ko huɗu daga farkon hunturu. Idan ya kai Dakar da sauran guzuri da sauran sha'awa, sai ya hau jirgi zuwa gabashin Afirka, inda Ruwanda take karɓar 'yan Afirka ba tare da sun nemi biza tun daga gida ba, Kenya kuma a 2025 ta ɗauke wa mafi yawansu sharaɗin izinin intanet da ta kafa a farkon 2024. A wannan zagayen fasfonsa zai cika da hatimin shiga da fita a kan ƙa'ida, abin da yake taimaka wa duk wata bizar da zai nema nan gaba, shi kuma zai gane ko jikinsa da ransa suna iya zaman hanya kafin ya zuba rabin dukiyarsa a tikiti ɗaya.

Asiya ta fi dacewa da mutum iri uku: wanda yake da izinin zama a wata ƙasa ko fasfo na biyu, da wanda tafiyarsa ba za ta wuce wata biyu ko uku ba, da mace mai tafiya ita kaɗai wadda tsararrun motoci da masaukai masu ɗakin mata zalla za su fi ba ta kwanciyar hankali fiye da kwana a tasha ana jiran mota ta cika. Duk wanda ya zaɓi wannan hanya, ya nemi bizarsa da takardar NDLEA yana kan aiki, ya karɓi fasfo mai shafi 64 idan nasa ya kusa cika ko saura masa ƙasa da shekara, sai bizar ta fito sannan ya rubuta takardar ajiye aiki. Kada kuma ya sa kuɗin fanshonsa a lissafin guzurin farko, domin dokar fansho ta 2014 a Najeriya ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin 100 na asusunsa ne kawai, shi ma sai ya yi wata huɗu da barin aiki bai samu wani ba.